Lissafi Yana Ƙarƙashin Hula

Mu dai a nan, daga Gwandu har Kalgo, in kana son ɓata wa ɗan kasuwa rai da sassafe ba sai ka yi wa kayansa tayin wulaƙanci ba. Tambaye shi kawai nawa ya ci riba a watan jiya. Zai dube ka sama da ƙasa, ya gyara zaman hula, ya ce, "Mun gode Allah." Ka sake tambaya, ya ce, "Ana dai taɓawa." In ka kuskura ka tambaya karo na uku, to ko dai masu haraji ne suka aiko ka, ko kuma baƙin ciki kake yi da shi. Mutane na ɗauka ɓoyewa yake yi don tsoron baki. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa, wallahi, shi kansa bai sani ba.

Kada wani ya ce ba mu iya lissafi ba. Je ka Aliero a kakar albasa ka tsaya kusa da ɗan sari. Kafin ka zaro waya ka lalubo kalkuleta, ya haɗa kuɗin buhu talatin da bakwai, ya fid da la'adar dillali, ya gaya maka abin da ya saura har da na 'yan dako. Mutumin da bai taɓa zama ajin boko ba ke nan. Kanmu yana ja. Abin da ya cuce mu shi ne mun mai da kan nan littafi, shi ne akawu, shi ne ma'aji, alhali shi ɗin ne dai ke ɗauke da rigimar cikin gida, da zancen taki, da siyasar ƙaramar hukuma, da ƙwallon da aka buga daren jiya. Cinikin yau yana nan daram. Na makon jiya ya fara dusashewa. Na bara kuwa an taƙaita shi a magana ɗaya: ko "shekarar ta yi kyau" ko "shekarar ba ta yi ba."

Masu ƙoƙarin cikinmu suna da littafi, in har za a kira shi littafi. Bayan kwalin sigari ne, ko yagaggen kwalin taliya, ko bangon shago da aka ja wa layi-layi da gawayi. Sunayen masu bashi kuma sai mai shago kaɗai ya san su: "Mai jar hula, 1,500." "Gidan kan kwana, sukari da omo." "Dogon malamin firamare." Babu rana, babu wata. Kafin wata biyu mai jar hula ya sake hula, kwalin kuma yaro ya hura wutar shayi da shi.

Sami benci a ƙofar kowane mai tireda ka zauna daga hantsi zuwa azahar, kada ka dubi masu sayayya, ka sa ido a kan akwatin kuɗin kawai. Yarinya ta zo daga gida, "Baba, Inna ta ce kuɗin cefane." Hannu ya shiga akwati. Ƙaninta ya biyo baya, an koro shi daga makaranta kan kuɗin jarrabawa. Hannu ya shiga. Ga mai fura, ga mai kiɗan da ya tsaya ya wasa kakan mai shago har bakwai, ga wan matarsa da mai ya ƙare masa a babur daidai ƙofar shagon, kamar kullum. An kawo goron ɗaurin aure, dole a ba da gudummawa. An yi baƙi daga Kambaza, an fasa katan ɗin lemo an miƙa musu masu sanyi. Da rana aka aiko a ba da taliya biyu da gwangwanin tumatir, "ai namu ne." Duk wannan babu wanda ya taɓa biro. Kuma babu ko ɗaya a ciki da yake laifi. Ciyar da iyali wajibi ne, zumunci ibada ne. Sai dai shagon ya zama randar tsakar gida, kowa ya zo ya ɗiba da moɗa, babu mai leƙa gindinta ya ga inda ruwan ya kai.

Alamar farko ta mutuwar shago ita ce kanta. Za ka ga an jera kwalaye har sama, shago ya cika ya batse, amma in iska ta kaɗa sai na saman su yi rawa, don babu komai a cikinsu. Daga nan sai "babu, amma gobe yana zuwa." Daga nan sai a fara buɗewa da la'asar kawai. Ranar da aka sa kwaɗo, majalisa ta zauna binciken dalili, kuma ba mu taɓa rasa dalili ba. An yi masa baki. Kishiyar uwarsa ce. Wanda ya buɗe shago a gefensa ya binne wani abu. Yaronsa ɓarawo ne. Ban ce babu hassada a duniya ba, kuma ban ce duk yaran shago waliyyai ne ba. Amma ban taɓa jin majalisa ta ce, "Ku ɗauko littafinsa mu duba," ba, saboda kowa ya san babu.

Babban ruɗinmu shi ne kuɗin da ke hannu. In aljihu ya yi nauyi da yamma, sai mu ce kasuwa ta yi albarka, mu manta cewa mafi yawan abin da ke cikin aljihun nan uwa ce, ta mai kaya ce ko ta kayan gobe. Bari in ba da misali da albasa, tunda ita kowa ke wa kallon hanyar arziki. A ce mutum ya sari buhu goma a kaka, kowanne naira 20,000, ya shanya a rudu yana jiran tsada. Bayan wata huɗu buhu ya kai 35,000. Nan take ƙarƙashin hula ta buga: ribar 15,000 sau goma, 150,000 ke nan. Tun albasar tana rudu ya fara cin wannan riba. Ya yi wa uwargida alkawarin atamfa, ya karɓi bashin siminti, ya sa a gyara babur. Ranar fitarwa sai a ga abin da albasa ta saba yi: wata ta ruɓe, wata ta tsiro, sauran ta sha iska ta rage nauyi. Goma ta koma bakwai. Bakwai sau 35,000 ya ba da 245,000, a cire uwa 200,000, saura 45,000. Ba a biya masu tsinta ba tukuna, ba a sayi sababbin buhuna ba, ga 'yan dako a ɗora, ga 'yan dako a sauke, ga kuɗin mota, ga la'ada, ga kuɗin kasuwa. In ya tsira da 15,000 ya gode Allah. Amma da yake kuɗin sun shigo hannunsa dunƙule, 245,000 cif, sai ya koma gida yana tafiyar wanda ya ci kasuwa. Baɗi ma zai sake, kuma zai rantse maka albasa ta fi kowace sana'a.

Shekarar 2023 ta tona asirin wannan lissafi namu fiye da kowace. Ranar 29 ga Mayu aka ce an janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Komai ya bi ta. Mai tireda ya sayar da katan ɗin sabulu a kan tsohon farashi, ya ɗora 'yar ribarsa yadda ya saba, yana murna kaya sun ƙare da wuri. Ya hau mota zuwa Jega ko Birnin Kebbi sari, sai ya tarar uwa da riba gaba ɗaya ba su sayen katan ɗin da ya sayar. Ya dawo da rabi. Wata mai zuwa ya dawo da rabin rabi. Ciniki bai tsaya ba ko rana ɗaya, amma shagon yana narkewa. Wanda ke rubuta farashin sari da kwanan wata ya gane da wuri cewa farashin da zai sayo gobe shi ne abin dubawa, ya daina dogara da wanda ya sayo jiya. Sauranmu sai muka ce gwamnati ce, kuma ba ƙarya muka yi ba, sai dai gwamnatin ba ta zo ta cika mana kanta ba.

Sai kuma bashi, wanda aka ce hanji ne, yana cikin kowa. Kalgo gari ne na masu jiran ƙarshen wata: ma'aikatan ƙaramar hukuma, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ga kuma ɗalibai tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013 aka kawo mazauninta na dindindin wajenmu. Mai shayi da mai abinci da mai cajin waya duk sun samu kasuwa, amma rabinta ta "sai an turo" ce. Da malaman jami'o'in ƙasar nan suka shiga yajin aikin wata takwas a 2022, wani mai shayi da na sani ya wayi gari masu cin indomi da ƙwai sun watse, kowa ya koma garinsu. Da aka dawo, ya tsaya yana duban fuskoki. Ya san wannan yana da bashi, wancan ma yana da shi, amma nawa? Yaran nan ba su musa ba, da yawansu ma su suka zo da kansu. Sai dai kowa ya faɗi abin da ya tuna, kuma abin mamaki, tunanin mai cin bashi kullum ƙasa yake faɗawa, bai taɓa yin kuskure ya ƙara ba.

Na ɗalibai mai sauƙi ne, baƙi ne, ana iya rubuta su ba kunya. Gagarumin shi ne na gida. Ka ɗauko biro a gaban ƙanen mahaifinka ka gani. "Kai wanga yaro, mi kaka yi? Ni za ka rubutawa? Ni da na goye ka?" Sai ka ajiye biro kana ba da haƙuri, "A'a Baba, wani abu ne daban nike dubawa." A wurinmu rubuta wa mutum bashi kamar ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Alhali rigimar da ta fi raba 'yan'uwa a unguwannin nan ba ta wanda ya ƙi biya ba ce. Ta mutum biyu ce masu gaskiya, ɗaya ya tuna dubu bakwai, ɗaya ya tuna dubu huɗu, kowa kuma a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Daga nan matansu su daina shiga gidan juna.

Abin da ke ba ni dariya, kuma ya ɗan ba ni haushi, shi ne a Gwandu ake wannan. Garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mutumin da ya bar tafsiri sukutum da littattafan shari'a da na mulki, waɗanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai. Garin da Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso a 1853, zamanin Sarki Halilu, ya tarar da kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Sanwai da Tambutu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya kwafa ya kai Turai. Kakanninmu sun adana labarin sarakunan da suka mutu ɗaruruwan shekaru a wata ƙasa mai nisa, mu jikoki mun kasa adana labarin tiya uku ta gero da aka karɓa ranar Laraba. Kuma kowane ɗan makarantar allo da ya yi nisa ya san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har da batun marubuci da shaidu. Muna jin ta a tafsirin azumi, mu girgiza kai mu ce "Allahu Akbar," a fito a wuce shago a ce, "Ba ni sukari, sai na zo."

Da wannan nake kayar da masu cewa riƙe littafi ɗabi'ar 'yan boko ce, ko ta maƙwabtanmu Inyamurai masu sayar da kayan gyaran babur, waɗanda ko fulogi ɗaya ka saya sai sun yago maka rasit. Wani dattijo a majalisarmu, duk lokacin da zancen ya taso, cewa yake, "Kakanninmu sunka tai Gwanja sunka dawo da goro, wane littahi sunka riƙa?" Ana girmama shi, ba a cika ja da shi ba. Amma fataken nan ba da ka suke tafiya ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana kuma da malaminsa mai addu'a da rubutu. Kuɗinsu wuri ne, ana zama a ƙirga shi biyar-biyar, a ɗinke 20,000 a keso guda, a san keso nawa aka fita da shi, nawa aka bari a hanya wurin masu karɓar fito, nawa ya dawo. Mutumin da zai yi watanni a hanya da dukiyar mutane ba ya dawowa ya ce musu "ana dai taɓawa." Jega ba ta zama babbar kasuwa a wancan zamani da kintace ba.

In gaskiya ake so, akantocin garin nan suna cikin gida. Matar da ke turara shanshera ta kai inji ta san buhu ɗaya tiya nawa yake fitarwa, ta san kuɗin itace, ta san na inji, har ɗan tsakin da ya rage ta san inda za ta kai shi. Mai ƙuli-ƙuli ta san man da tiyar gyaɗa ke bayarwa, in ya ragu da ludayi ɗaya sai ta gane gyaɗar ce ba ta da kyau. Yarinyar da ta dawo daga talla kuwa, binciken da ake mata a bakin murhu ko a banki ba a yin irinsa: an ƙirga ƙullin da ta fita da su, an ƙirga wanda ya dawo, naira hamsin ta ɓace sai ta faɗi inda ta shiga. Uwar adashi tana riƙe da zubin mata ashirin, ta san wadda ta kwasa, ta san mai bi mata, ta san wadda ta tsallake mako. Tana da gwangwanin uwa daban, na riba daban, na biki daban, kowanne da maɓoyarsa. Abu ɗaya ke karya ta: maigida. "Ara mini dubu biyar, in an yi albashi in ba ki." Wannan bashin ba ya shiga kowane gwangwani, kuma in ta tuna masa sai ya ce, "Abincin da kike ci fa?"

Manoma ma 'yan kasuwa ne, ko da ba su yarda ba. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar nan ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance, aka raba iri da taki da injin ban ruwa, a kan za a biya da shanshera bayan girbi. Fadamu suka cika, sunan Kebbi ya kai Legas a jikin buhu, manyan injinan casa suka tashi a Birnin Kebbi da Argungu. An samu alheri, babu mai musu. Da lokacin biya ya zo sai aka shiga kallon-kallo. Wasu tun farko sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati. Wasu ambaliya ce ta cinye su da gaske, musamman ta 2020. Amma akwai kashi na uku, masu son biya, waɗanda in ka ce su faɗi abin da buhu ɗaya ya ci musu, daga haya da huɗa da dashe da fetur ɗin inji da feshi da masu yanka da masu bugu, sai su yi shiru. Sun san buhu nawa suka samu, shi ke nan. Mai shinkafa arba'in da ya kashe kuɗin talatin da takwas yana tafiya da ƙafa ɗaya da wanda ya kashe na ashirin, duk ana ce musu manyan manoma.

Ko zakka sai da lissafi take fita. Ta gona da sauƙi, a wurin awo ake cirewa: ɗaya cikin goma in ruwan sama ne, ɗaya cikin ashirin in da inji aka shayar. Ta mai shago ce ke da aiki. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum zai tsai da wata guda a shekara, ya yi wa kayan shagonsa kuɗi, ya haɗa da tsabar da ke hannu da basussukan da yake sa ran za a biya shi, ya duba wanda ake binsa, in abin ya kai nisabi ya fid da ɗaya cikin arba'in. To wanda bai san abin da ke shagonsa ba, bai san abin da yake bin mutane ba, ta ina zai fara? Abin da muke yi shi ne a damƙo wani abu a watan azumi a rarraba, a ce Allah Ya karɓa. Wataƙila an ba da fiye da ƙima, wataƙila an tauye haƙƙin miskinai. Malaminmu ya ce duk mai zuwa tambayarsa zakkar kasuwa, da ya ce masa "nawa ne jarin?" sai hira ta koma gaisuwa.

Inda raha ke ƙarewa shi ne ranar da mai hular ya kwanta dama. Littafin ya tafi da shi. Kafin a yi sadakar uku an fara sallama a zaure: wannan ya ce yana bin marigayi kuɗin buhu biyar, wancan ya ce ya ba shi ajiya, wani ya ce sun yi haɗin gwiwa a kan shanu. Wataƙila duk gaskiya suke faɗa. Shari'a kuma ta ce a biya bashi kafin a raba gado. Waɗanda marigayin ke bi kuwa, in ka cire 'yan tsirarun masu tsoron Allah, sai su zo su yi ta'aziyya da hawaye su tafi. Yaron shagon da ya yi shekara goma yana bauta da alkawarin za a sallame shi da jari ba shi da ko tsinke a rubuce, magada kuma suna masa kallon wanda ya san inda kuɗin suka shiga. Na ga shagon da ya ciyar da gida uku ya koma wurin ajiye kaji cikin shekara guda. Ba ɓarawo ko ɗaya a cikin labarin.

Yanzu an ce waya ta kawo sauƙi. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da takardar naira ta zama abin nema da fitila, har mai rake ya buɗe asusu, OPay da Moniepoint suka shiga bakin tsofaffi. Gaskiya ne wayar tana riƙe abin da ya shigo da abin da ya fita, da rana da sa'a. Sai dai ba ta san dalili ba. Asusu ɗaya ne na shago, shi ne na cefane, shi ake turo wa gudummawar biki, shi ɗan'uwa ke cewa "bari a turo ta wurinka ka ciro mini." Ga naira 50 da ake zarewa in kuɗin sun kai 10,000, ga ladan mai POS, ƙanana-ƙanana da babu mai ƙirgawa. Akwatin katako ne dai ya koma cikin waya, hannun da ke shiga bai sake ba. Har gara akwatin ma, shi ba ya sayen data da tsakar dare.

Akwai kuma masu tsoron cewa in sun rubuta, masu haraji za su gani. To ai wanda ba shi da littafi shi ake yanka wa haraji da ido, a dubi kwalayen nan da babu komai a ciki a ce Alhaji ya tara. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa ƙananan kamfanoni da cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba harajin kamfani, amma ko yafiyar sai ka nuna ƙanƙantarka a takarda. Haka in ka je neman rance a banki, ko wani mai hali ya so ya zuba jari a raba riba. Tambayar farko ita ce ina lissafin, kuma "wallahi ana samu" ba ta shiga fom.

Wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan masarufi ya gaji da wannan hali, ya kira ɗansa da ya karanta akanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru. Yaro ya zo da kwamfuta, ya buɗe wani shafi mai layuka kamar tabarma, ya fara zuba Turanci. Uban ya saurara har ya gama, ya ce, "To madalla. Rufe ta." Washegari ya aiki almajiri ya sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ya sa yaron ya ja masa layi: abin da aka saro, abin da aka sayar, abin da aka ba da bashi, abin da ya fita. Da ajami yake rubutawa, lambobin kawai ne na boko. Ya yanka wa gida abin da za a ɗauka kullum, in ya ƙare ya ƙare. Duk ranar Juma'a da safe kafin a tafi masallaci sai su ƙirga kayan kanta shi da yaron. Wata na farko bai yi daɗi ba. Ya gano sabulun da ya fi alfahari da shi kusan a kan uwa yake sayar da shi, ashana da gishiri da magi su ke riƙe da shagon. Ya gano lemon da ake ba baƙi ya fi kuɗin hayar shagon. Uwargida ta yi fushin kwana biyu, ta ce an mai da ita 'yar albashi a gidan mijinta, sannan ta ce tunda abin rubutu ne, a buɗe shafi a sa dubu biyar-biyar ɗin nan nata, tun daga na shekarar da aka yi ambaliya.

Ƙanen mahaifinsa ma ya zo, ya ɗauki sukari, ya ga an jawo littafi. Kafin ya buɗe baki maƙwabcin namu ya juya masa shafin, ya nuna masa sunansa shi mai shagon a sama, da abin da ya ci na ranar, shayi da burodi har da goro. "Baba, ni ma nan nike." Tsohon ya duba, ya duba, ya ce, "To rubuta. Amma ka sa rabin kwano, don bai cika ba."

Yanzu gardamar da ta rage a majalisa ita ce ta sadaka. Ɓangare guda sun ce abin da aka ba almajiri ko aka sa a asusun masallaci bai kamata ya shiga littafi ba, lada ake nema, rubutawa kamar gori ne. Ɗaya ɓangaren sun ce in ba a rubuta ba lissafin yamma ba zai daidaita ba, kuma yaron shago za a tuhuma. Aka kai wa Malam. Ya ce a rubuta adadin, kada a rubuta sunan wanda aka ba. Dattijon nan na Gwanja bai gamsu ba. Ya ce shi dai har yanzu bai ga abin da littafi zai gaya masa wanda bai sani ba. Mai shayi, da ke zuba masa na biyu, ya ce, "Baba, da wanga ya zama goma sha ɗaya." Ya ce, "Tara dai."